Shida da rabi, amma wanne ne na wanne?

Kun gama dariyar? To madalla. Wata ɗaliba ce a wani bidiyo, wajen faɗin haɗin ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, ta ce cokali shida na gishiri, rabin cokali na sukari, shi ke nan kowa ya samu abin yaɗawa, har da masu ɗora mata kiɗa. Ni ban ga abin dariya ba. Lambobin ta kawo su daidai, shida da rabi, ta haddace tsaf. Dalili ne ba a taɓa gaya mata ba, kuma wanda bai san dalili ba, ranar da hadda ta juye masa ba shi da madafa.

Ga haɗin: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, shafaffe ba mai tozo ba, sai rabin cokalin na gishiri. Me ya kawo sukari? A bangon hanji akwai hanyar da ke ɗaukar gishiri da sukari tare, ruwa kuma ya bi bayansu zuwa cikin jini, kuma gudawa ba ta toshe wannan hanyar. In sukari ya zarce, ruwa yake janyowa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. In gishiri ne ya zarce, sai ya taru a jini, yaro ya kama jijjiga, yana iya rasa ransa. Shi ya sa ake cewa a ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo, a kuma haɗa wa yaro da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Yanzu ku gaya mini, wadda aka yi wa wannan bayani sau ɗaya tak, za ta zuba gishiri cokali shida?

Dalili, jama'a. Dalili ake ɓoye wa yara.

Ku tambayi ɗalibi rassan gwamnati, zai rero muku: majalisa, zartarwa, shari'a. Ku ce masa don me aka raba su, sai ya dubi rufi. Alhali maganar ba ta wuce layi biyu ba: in mai yin doka shi ne mai aiwatar da ita, shi ne kuma alƙali, ranar da ya zalunce ka wa za ka kai wa ƙara? Montesquieu, masanin falsafa na Faransa, ya shimfiɗa wannan tun 1748. Tarihi ma haka. Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, an ci maki. Amma yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Farko, da ta ɗora wa Jamus diyya mai nauyi, da karyewar tattalin arzikin duniya daga 1929 da ta jefa miliyoyi cikin rashin aiki, babu mai ƙulla su da juna, sai shekarun su zama kamar lambar waya. A adabi kuwa, a ce kawo jigo, ya kwashe labarin ya zayyano daga farko har ƙarshe, don ba a nuna masa cewa jigo saƙon da labarin ke ɗauke da shi ne ba.

Na san masu cewa ai komai yana intanet. Sannunku da hikima. Tsakar dare, yaro na amai da gudawa, ga amsoshi goma masu karo da juna, da me za ka tantance ta gaskiya? Masu cewa manhajar karatu ta yi yawa, babu lokaci, bayanin hanjin nan bai ci minti uku ba. Masu cewa jarrabawa hadda take so kuma, ai kun faɗi cutar da bakinku.

Tsakani da Allah, yarinyar ta ba ni tausayi. Ta yi abin da aka ce ta yi, ta riƙe abin da aka ba ta.