Rufin asirin da ya tura mugu Afirka

A ranar 12 ga Nuwamban 2024 Justin Welby, babban limamin Kantabori kuma jagoran cocin Angilika na duniya, ya sanar da murabus. Ba shi ya taɓa yaro ko ɗaya ba. Laifinsa shi ne tun 2013 labarin ta'asar John Smyth ya iso gare shi, bai tsaya tsayin daka ya ga maganar ta kai inda ya kamata ba. Kafofin labarai sun fi mayar da hankali kan faɗuwar babba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekarar 1982.

Smyth babban lauya ne a Ingila, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Iwerne a wancan zamanin, wadda a lokacin take shirya wa 'yan makarantun masu hannu da shuni sansanin hutu na koyar da Littafi Mai Tsarki. Yakan jawo yaro a jiki, ya zama masa kamar uba, ya sa shi ya faɗi zunubansa, daga nan ya kai shi wata rumfa a bayan gidansa da ke Winchester ya tuɓe shi, ya zane shi da sanda da sunan horon Ubangiji. Dukan yakan kai ga jini, har wasu sai sun ɗaura ƙunzugu kafin su iya zama a kujera. A 1982 wani limami, Mark Ruston, ya bincika ya rubuta komai dalla-dalla: samari takwas sun sha bulala kusan 14,000 a tsakaninsu.

To me aka yi da wannan rahoto? Tsirarun manya suka karanta, suka kulle shi. Ba a je wa 'yan sanda ba. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi daga baya cewa ya ga fitar maganar za ta yi wa aikin Allah mummunar illa. Aka dai lallaɓa Smyth ya janye jiki, a 1984 ya tattara ya koma Zimbabuwe, inda ya buɗe sabbin sansanonin yara, wasu daga Ingila suna aiko masa da kuɗi. A 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin ninƙaya na sansaninsa. An gurfanar da shi, shari'ar ta watse. Ya wuce Afirka ta Kudu, ya mutu a Cape Town a 2018 ba tare da kotu ta taɓa hukunta shi ba. Binciken da cocin Ingila ya sa Keith Makin ya gudanar, wanda ya fito a 2024, ya ce waɗanda ya cuta sun haura ɗari, kuma mafi yawansu 'yan Afirka ne.

Wato dai an kashe maciji ba a sare kansa ba, aka kuma jefa shi gidan maƙwabta. Waɗannan dattawa ba jahilai ba ne, kuma ban ɗauke su mugaye ba. Sun auna sunan ƙungiya da fatar yaran da ba su sani ba, suka zaɓi suna. Shi ya sa nake ganin duk wata ƙa'idar kare yara da ta bar hukunci a hannun shugabannin gida kaɗai, takarda ce kawai. Wanda zai ji kunya idan magana ta fita bai dace ya zama mai yanke ko za ta fita ba.

Na san amsar da ake bayarwa. Za a ce addini ya koyar da gafara, kuma tona asirin ɗan'uwa ba hali ba ne. Gafara haƙƙin wanda aka cuta ne, in ya ga dama ya yafe. Kwamitin dattawa ba shi da hurumin yafewa a madadinsa, balle a madadin yaron da bai riga ya faɗa hannu ba. Za a kuma ce a ƙasa irin tamu, inda ake zaman doya da manja, abin kunyar coci makami ne a hannun masu neman abin faɗa. Gaskiya ne, ana yi. Amma cocin Ingila ya ɓoye na shekara 35, gidan talabijin na Channel 4 ya fasa ƙwan a 2017, kuma kunyar da ta biyo baya ta ninka wadda aka guda.

Akwai kuma batun manya. Da yawa daga waɗanda Smyth ya daka ɗaliban jami'a ne da suka haura shekara 18, abin da ya ba wasu kafar cewa ai da yardarsu. Wace yarda? Mutumin da ya gaskata cewa kai ne ke riƙe da makomarsa a gaban Allah ba ya iya ce maka a'a. Haka gwauruwar da coci ke ciyarwa, da mai taɓin hankalin da aka kai gidan addu'a, da ɗan gudun hijirar da ke kwana a harabar majami'a.

A Nijeriya akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafi ta 2015, don haka akwai inda za a kai ƙara. Abin da ya rage na cikin gida ne: kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, a tantance malamin makarantar Lahadi da jagoran sansani kafin a danƙa musu 'ya'yan mutane, a kuma samu wanda yaro zai gaya wa damuwarsa wanda ba ya cin abinci a ƙarƙashin fasto. Sai kuma takardar canjin wurin aiki. Idan an raba ma'aikaci da wata majami'a saboda zargi irin wannan, a rubuta dalilin ƙarara a aika wa wadda zai je, ko da tana wata ƙasa.