Yarinya ce fa, ba amarya ba

Kun dai ga bidiyon nan da ake ta yawo da shi tun jiya, na wata yarinya tana waƙa a kan dandali a wani shiri. Ba zan ɗora shi ba, don ba zan ƙara wa yarinyar 'yan kallo ba. Wai har ana ta rubuta "ta yi kyau, ta yi kyau". Kyan me? Yarinyar da ba ta wuce shekara shida ba an ɗora ta a kan takalmi mai tsini, an liƙa mata gashin ido, an cusa ta cikin rigar da ko numfashi sai ta nemi izini. Waƙa ta zo yi, amma hannu ɗaya na riƙe da makirfo, ɗayan na ta faman jan riga ƙasa. Muryarta mai daɗi ce wallahi, sai dai wa ya saurara? Kowa a kan rigar yake magana.

Rigar nan ba ta yarinyar ba ce, ta uwar ce. Uwa ce ta so a ce 'yarta ta fi ta kowa, tela ya ɗinka mata burinta, aka rataya wa yarinya.

Na san za ku zo min da "ai ita ta zaɓa da kanta". Madalla. Gobe ma ku bar ta ta zaɓi ko za ta je makaranta. Wasu kuma su ce fitilun dandali suna kashe hasken fuska, dole a yi kwalliya. To, an ji, a shafa 'yar hoda. Fitila ce ta ce a buɗe mata baya har ƙugu?

Masu cewa ai haka ake yi a ƙasashen waje, ku ƙarasa labarin mana. A Amurka abin ya kai ana kifa wa yara haƙoran roba don a rufe giɓin famfara, ana fesa musu launi a fata, ana ɗora musu gashin kanti. A shirin Toddlers & Tiaras na tashar TLC, a 2011, an fito da 'yar shekara uku cikin shigar karuwar wani fim, su kansu Amurkawan suka yi caa. Faransa kuwa, uwar gayu da kanta, doka ta kafa a 2014 ta haramta gasar sarauniyar kyau ga 'yan ƙasa da shekara 13. Gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah.

Ban ce kada yara su hau dandali ba. Su hau, su yi waƙa, su yi rawa, su yi ƙyalƙyali son ransu, yaro da son abu mai walƙiya ai ba sabon abu ba ne. Amma ke uwa, kafin ranar, ki sa wa 'yarki kayan a gida. Ta yi tsalle, ta ɗaga hannu, ta sunkuya, ta zauna, ta shiga banɗaki ita kaɗai ta fito. Ki duba ko duwatsun adon suna kartar ta a hammata, ko akwai shafi mai laushi a ciki, don fitilun nan zafi gare su. Idan ta fara gyara riga a gabanki, to a gaban jama'a ma abin da za ta yi ke nan. Rigar ba tata ba ce. Kuma ki tuna duk wanda ke zauren yana da waya a hannu, ba ki da iko da inda hoton zai je, ko wanda zai ajiye shi.

Af, tunda ana maganar, su kuma masu gabatar da shirin da yarinyar ta yi waƙa a ciki, wa ya ce musu tambayar yaro "tsakanin mama da baba wa ka fi so" abin dariya ne? An ajiye yara a bayan dandali tun la'asar har dare, ba barci ba hutu, sannan ka zo kana haɗa su faɗa da iyayensu. Don Allah ku nemi wata tambayar.