Outwood: yadda babban injin niƙa ya faɗi ya bar tsoho a tsaye

Jama'a, duk sanda wani tsohon gini ya rushe, sai ka ga an yi caa a kan ruwan sama, ko guguwa, ko hukuma. Ni a ganina ruwa da iska ƙarasawa kawai suke yi, gini ya riga ya mutu tun ranar da aka daina neman abinci a cikinsa. Ga misali daga wani ƙauye a Ingila, Outwood, a yankin Surrey, kimanin kilomita 40 kudu da Landan.

A 1665 wani mai niƙa, Thomas Budgen, ya kafa injin niƙan hatsi mai aiki da iska a kan tudun ƙauyen. Shekara ta zagayo aka yi babbar gobarar Landan ta 1666, kuma har yau ana ba da labarin cewa daga kan tudun mutane sun hango jan wutar a sararin sama. Wannan injin yana nan tsaye, shi ake kira mafi tsufa cikin injinan iska masu aiki a Birtaniya. Amma ba shi ne abin da ya dame ni ba. Maƙwabcinsa ne, wanda ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙuruciya da shekara 130 da ɗoriya, wanda yau sai dai a hoto.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake, don in ba a gane aikin ba, ba za a gane mutuwar ba. Tsohon injin ɗaki ne na katako da aka ɗora kacokan a kan gungume guda ɗaya na itace. A gabansa akwai fikafikai huɗu manya. In iska ta canza hanya, mai niƙa zai sauko ya sa kafaɗa ya tura wata doguwar sanda da ke bayan ɗakin, ginin gaba ɗaya ya juya har fikafikan su fuskanci iskar. Fikafikai na juya wani gungume a ciki, gungumen na juya wata babbar ƙafa mai haƙora, ita kuma ta juya dutse. Duwatsu biyu ne, na ƙasa a kwance, na sama yana zagayawa a kansa. Hatsi na zubowa kaɗan-kaɗan ta ramin da ke tsakiyar na saman, ya bi tsagogin da aka sassaƙa a fuskar dutsen, ya fito gari ta gefe. Wanda ya tashi ya ga dutsen niƙa a tsakar gida ya san sauran zancen: dutse in ya yi santsi sai an koɗa shi, to haka su ma, sai an ɗaga na saman an bi tsagogin da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Mai niƙa kuwa hannunsa kullum yana bakin mazubi, yana murza gari tsakanin yatsu, da haka yake sanin ko duwatsun sun matse da yawa ko sun yi sako-sako. In ya yi sakaci hatsi ya ƙare dutse na juyawa, sai tartsatsi, ga gini na katako, ga ƙurar gari. Iska kuma ba ta da lokacin tashi daga aiki. In ta zo da tsakar dare, da tsakar dare za a yi niƙa.

A 1796 aka ba William Budgen izinin gina wani injin dab da tsohon. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne rigimar cikin gida ce ta jawo, wai so ake sabon ya kashe kasuwar tsohon. Ko ma mene ne, an gina shi don ya fi. Hasumiya ce ta katako mai tsawon kusan mita 19, kuma a irin wannan gini babu wanda ya kai ta tsawo a ƙasar. Shi ba a juya jikinsa, hular da ke samansa ce kawai ke juyawa, ita ma ba da ƙarfin mutum ba: wata ƙaramar fanka ce a bayan hular, dabarar da Edmund Lee ya yi wa rajista a 1745, take karkata fikafikan da kanta duk inda iska ta nufa. Kowa ya kalli biyun a lokacin zai ce kwanan tsoho ya ƙare.

Sai dai abin da ya zo ya fi ƙarfin su duka biyun. A 1846 majalisar Birtaniya ta soke dokokin da suka tsawwala haraji kan hatsin waje. Daga shekarun 1870 alkamar Amurka ta soma kwararowa cikin jiragen ruwa masu tururi, da araha, daga baya ta Kanada ta biyo. A daidai wannan lokaci salon niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa, wanda aka gyara shi sosai a Hangari, ya shigo. Manyan kamfanoni suka kafa masana'antu a bakin tashoshin ruwa irin su Liverpool da Hull da Landan, jirgi na saukewa suna niƙawa, dare da rana, ba ruwansu da ko an yi iska. Garinsu fari tas, kuma fari mutane ke so. Injinan ƙauye suka koma ɓarzar abincin dabbobi, da yawa ma suka rufe.

Babban injin Outwood ya daina aiki da iska a 1914. Daga nan ya yi shekara 46 a tsaye. A nan nake so a lura. Hasumiyar katako irin wannan rauninta a kusurwoyi yake, inda alluna ke haɗuwa. Ruwa na shiga ta nan ya kwanta a jikin manyan ginshiƙai, su riƙa ruɓewa a ɓoye. Maganin ba wani abin mamaki ba ne: fenti, sauya allon da ya tsage, mutum ya hau ya duba bayan kowane hunturu. Mai niƙa yana yin haka ba don son tarihi ba, don in ruwa ya taɓa buhun mutane shi zai biya. Da babu buhu, wa zai hau? Da asubahin 25 ga Nuwamba 1960 ginin ya durƙushe.

Tsohon kuwa iyalin Jupp ne suka riƙe shi, uba ya bar wa ɗa, suna niƙa ko da kasuwar ta ja baya, har zuwa 1962. Ƙanƙantarsa ma ta taimake shi, don gyaransa bai fi ƙarfin aljihun gida ɗaya ba. Da masu kishin tsofaffin gine-gine suka waiwayo kan injinan iska wajen 1930, sun tarar da shi da ransa, da mutum a ciki wanda ya san kukan kowane katako. Taimaka wa irin wannan yana da sauƙi. Babban kuwa kuɗin da zai ci kullum ƙaruwa yake, ga shi ba ya kawo ko sisi.

Kada wani ya ɗauka kuka nake wa zamanin da. Ma'aikacin Landan da ya samu burodi da sauƙi saboda alkamar waje bai yi asara ba, kuma ban ga laifin wanda ya ƙi zuba kuɗin gidansa a ginin da ba ya ciyar da shi ba. Abin da ba na so shi ne a jira sai gini ya kwanta sannan a fito da tsofaffin hotuna ana Allah wadai. Shekara 46 mutane na wucewa ta gindin hasumiyar nan suna ganin alluna na zubowa. Shekara biyu kacal bayan faɗuwarta aka samu waɗanda suka sayi tsohon injin suka ci gaba da kula da shi.