Kayan ɗakinta ba naka ba ne

Ranar Talatar da ta wuce, ana tsaka da ruwa, na bi ta wani layi a Agege da ke nan Legas na tarar da kayan wata baiwar Allah zube a ƙofar gida. Katifa ta sha ruwa, akwati a buɗe, atamfofi cikin taɓo, ita kuma tana raɓe a barandar maƙwabta da goyo. Da safe mijin ya ba ta takardar saki ɗaya, kafin azahar ya watso kayan waje ya sa sabon kwaɗo. Firij da keken ɗinkinta ba sa cikin abin da ya watso, maƙwabta suka ce tuni ya kira dillali ya kwashe.

Ƴan uwana matasa, wai me ya same mu? Saki halal ne, ba wanda ya ce dole a zauna in zama ya ƙi. Amma wa ya ce maka ranar da ka saki mace ka gaji kayanta?

Ka san yadda kayan nan suka zo Legas kuwa? Uwarta ta yi shekaru tana zubin adashe, tana sayen kwano ɗaya yau, tukunya ɗaya gobe, tana turawa ƙarƙashin gado. Ubanta ya sayar da rago, wani ma ya jinginar da gona, aka haɗa gado da kujeru. Aka ɗaure su a bayan babbar mota tun daga Katsina ko Sakkwato, suka kwana a hanya, gwaggonninta suka biyo baya suka yi jere. Kai ɗaki kawai ka kama, ka biya haya. To da wane ido za ka kalli mai sayen tsofaffin kaya ka ce masa nawa zai ba ka? Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere.

Kuma ba mu da uzurin jahilci. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saki daga gidanta, ta hana ita ma ta fita, har ta gama idda. Ci da sha da wurin kwana duk suna wuyanka. A Suratun Nisa'i, aya ta 20, Allah Ya ce ko dukiya mai tarin yawa ka ba ta, kada ka karɓi komai daga ciki. Abin da ya fito daga aljihunka ma ke nan an hana ka taɓawa, balle wanda gumin iyayenta ya saya. Amma sai ka ji ƙato yana cewa ai ni na saya mata talabijin ɗin. Ka saya, ka ba ta, ya zama nata.

Wani zai ce Legas ce, haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan, ga sana'a ta tsaya tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi da dama a 2022. Na san da wannan, duk muna ciki. Sai dai mutumin da ke kukan babu, shi ne za ka gani a shagon caca yana zuba kuɗi a kan ƙwallon Turai. Wallahi akwai wanda kuɗin keken ɗinkin matarsa can ya ƙare, keken da za ta ciyar da ƴaƴansa da shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ku ma dangin mata ban ƙyale ku ba. Kuna jin an yi saki sai ku zo da mota ku share ɗaki tas, har da janareta da takardun mijin, sannan a hau TikTok ana tona asirin aure. Ku ɗauki naku ku bar masa nasa. Amma gaskiya laifin dangin mata bai kai namu na maza muni ba, don mace a garin nan baƙuwa ce. Ba gidan uba kusa, ba ɗakin yaya. Ka kulle mata ƙofa da dare a Mile 12 ko Idi-Araba, ina kake so ta nufa da yara?

In rabuwa ta zama dole, a kira manya. Akwai liman, akwai Sarkin Hausawa a kusan kowace unguwa da muke da yawa. A zauna, a ware nata a ware naka a gaban shaidu, a ji tsoron Allah.

Da can a zango ba haka iyayenmu suke ba. Mutum ya saki mace, shi zai bar mata ɗakin ya koma kwana a shago ko zauren maigidansa har ta gama idda, sau da yawa ma kafin nan an yi biko an daidaita. In ba a daidaita ba, shi zai nemo igiya ya ɗaure kayan da hannunsa, ya kai tashar jirgin ƙasa, ya biya kuɗin, ya haɗa ta da ɗan rakiya har gaban iyayenta. Wanda ya taɓa ko cokalinta, ba dattijon da zai sake ba shi ƴa a unguwar. Yanzu kuwa wanda ya watsa kayan matarsa a titi, wata biyu ba a yi ba za ka ji ana rabon goron ɗaurin aurensa a masallaci, mu kuma mu miƙa hannu mu karɓa.