Hali zanen dutse ne? Ni dai ban gamsu ba

Jama'a, akwai maganar da take damuna duk lokacin da na ji ta: "Ni haka nake, ba na canzawa." Sai a kawo karin magana a rufe bakin kowa, wai hali zanen dutse. A ganina rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari a baya shi ya fi amfani.

Mutum biyu sun tura wa abokinsu saƙo, ya buɗe ya karanta, bai ba da amsa ba. Na farko ya ce a ransa, "Hidima ce ta sha kansa, zai waiwaye ni," ya ajiye waya ya ci gaba da sabgarsa. Na biyu kuwa yana ta leƙa wayar, yana ganin alamar an karanta, zuciya na tafasa: "Ya raina ni. Dama na sani." Washegari suka haɗu, ya amsa gaisuwa a daƙile. Abokin ya ga fuska a murtuke ya ja jikinsa, shi kuma ya ce to ga shi nan, ai na faɗa. Idan aka ɗauki shekaru ana haka, sai ka ji ana cewa wane mai riƙo ne, ba a iya zama da shi. Alhali abu ɗaya ne ya same su, abin da kowa ya faɗa wa kansa ne ya raba su.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan wannan. A 1955 George Kelly, wani masani ɗan Amurka, ya ce kowannenmu tamkar mai bincike ne: yana da ma'aunan da yake auna mutane da su, yana hasashen abin da za su yi, sannan ya yi mu'amala da su bisa hasashen. Wani ma'auninsa "mai amana ko maci amana", wani nasa "ya fi ni ko na fi shi". Wanda ke yawo da na biyun, ko taya shi murna ka yi sai ya ji kamar gasa ce.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na Kenneth Dodge a 1980. An sa yara maza suna haɗa wani abin wasa, sai wani yaro ya rushe musu. Inda mugunta ta fito fili, duk sun rama. Inda aka ga taimako ya so yi, duk sun haƙura, har da masu faɗan cikinsu. Amma inda ba a san nufinsa ba, yaran da aka sani da faɗa suka ɗauka da gangan ne. Wato yaron da muke kira fitinanne, sau da yawa a ganinsa kare kansa yake yi.

Kada a fahimce ni a baibai, gado yana nan. Binciken tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin halayen mutane yana da nasaba da gado. Haka kuma wanda aka ci amanarsa tun yana ƙarami bai ƙirƙiro zargi don jin daɗi ba, rayuwa ce ta koya masa, kuma rashin tausayi ne a ce masa "kai dai ka gyara tunaninka" a wuce.

Sai dai abin da aka koya ana iya sake masa zama. A 2017 Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara bincike 207, suka ga waɗanda suka samu kulawar masana sun sami sauyin hali na zahiri cikin kimanin mako 24, musamman ta fuskar yawan fargaba da saurin damuwa. Kusan wata shida ke nan, a kan abin da ake rantsuwa sai dai kabari ya raba. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji babba ya kalli yaro ɗan shekara bakwai ya ce, "Wannan ba zai taɓa shiryuwa ba." Yaron yana ji, kuma da wannan ma'aunin zai fara auna kansa.