Kaka ta zo, amma dandali shiru

Makon jiya na je gida gaida iyaye a wani ƙauye na ƙasar Katsina, na tarar an gama da gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, sanyin hunturu kuma ya fara saukowa da asuba. Da dare ya yi, ga farin wata fes, sai na fito ƙofar gida na kasa kunne ko zan ji kalangu daga wajen dandali, kamar yadda muka saba ji muna yara a irin wannan lokaci. Babu abin da na ji sai ƙarar janareto a shagon cajin waya, inda samari suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon damben da aka ɗauko a Dei-Dei ta Abuja. Tun daga wannan dare abin yake ci mini rai, domin wasan da suke kallo daga irin ƙauyen nan namu ya fito.

Akwai dalilin da ya sa wasannin Bahaushe suka taru a kaka. Da damina manomi ba shi da lokacin kansa, kuma rumbunsa ya yi ƙasa. Idan ka ji ganga a lokacin, to gangar noma ce a wurin gayya, wadda ake kaɗa wa masu riƙe da fartanya don su ƙara himma. Sai amfanin gona ya shigo gida sannan ake samun hutu da abin kyauta a lokaci guda. Makaɗin da ya bi manoma gona gona yana yi musu kirari, a kaka yake zagayawa ya karɓi damin gero ko na dawa. Mahauta, waɗanda su ne asalin masu dambe, a kaka suke bin garuruwa da makaɗan kalangunsu, domin lokacin ne ake yanka dabbobi, ake ɗaura aure, ake da kuɗin liƙi. Hatsin da ke cikin rumbu shi ne yake biyan makaɗi da mawaƙi da ɗan kama, shi ya sa shekarar da aka yi fari dandali ma yakan yi sanyi.

A cikin wasannin nan duka, wanda na fi jin zafin rashinsa shi ne kalankuwa. Wanda bai taɓa gani ba yana iya ɗauka kiɗa da rawa ne kawai, alhali kuwa wasan kwaikwayo ne da gari duka yake zama filinsa. Samari sukan naɗa sarkinsu da waziri da alƙali da 'yan doka, a wasu wurare har da Di'o, wato jami'in mulki na zamanin Turawa, da likita, 'yan mata su ma suna da tasu shugabar, sai a gayyato samarin ƙauyukan da ke maƙwabtaka a sauke su a ciyar da su kwana biyu ko uku. Sarkin wasa yakan zauna a fadar da aka yi masa da zana, a kawo masa ƙara, alƙali ya yanke hukunci, a ci mai laifi tara, jama'a suna dariya. Amma a cikin dariyar nan ake faɗa wa masu mulki abin da ba mai iya faɗa musu a zaure. Idan mai karɓar haraji ya cika zalunci a shekarar, za ka ga wani yaro ya kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa har dattawa su sunkuyar da kai suna murmushi, kuma shi wanda ake nufi yakan gane. Na san dattijon da ya riƙe sarautar wasa yana saurayi, daga baya ya zama wanda unguwa take kai wa rikicin gona da na aure, kuma ban yi shakkar cewa a fadar zanar nan ya fara koyon sauraron ɓangare biyu kafin ya buɗe baki ba. A Damagaram ma akwai wasan kara, inda matasa suke kwaikwayon sarakuna da manyan gwamnati, kuma su can ba su bar nasu ya mutu ba.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan waya da finafinai. Ni ina ganin waya ta tarar da dandalin ne ya riga ya fara mutuwa. Abu na farko da ya jawo hakan shi ne rashin tsaro. A yankuna da dama na Zamfara da Katsina da Sakkwato, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka da hannunsa, kuma garin da ake kwana da ido ɗaya ba zai tara 'yan matan ƙauyuka biyar a fili da dare ba. Babu uban da zai yarda, ni ma ba zan yarda ba. Na biyu shi ne cin rani, wanda a da sai an gama shagalin kaka ake tafiya, yanzu kuwa saurayi yana ɗaure dami na ƙarshe yake hawa mota zuwa Legas ko Abuja, saboda abin da ya noma ba zai kai gidansu wata damina ba.

Na ukun shi ne wanda muke jin nauyin faɗa, wato wa'azin da ya haɗa kowane irin wasa ya sa a kwando ɗaya. Ban ce malamai ba su da hujja ba. An yi ɓarna a wasu dandula, an yi shaye-shaye, an yi cuɗanyar da addini bai yarda da ita ba, kuma duk wanda ya ce ba a yi ba bai faɗi gaskiya ba. Sai dai abin da aka yi shi ne rufe dandalin baki ɗaya, ba tare da an tsaya an ware abin da ya ɓaci daga abin da yake da amfani ba. Yaran da aka hana taruwa a gaban iyayensu da mai unguwa, yau ga su a ɗaki su kaɗai da waya, suna kallon abin da babu dattijon da ya san da shi, balle ya tsawata.

Ku dubi yadda Nijar ta yi da kokawa. Tun 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa, kuma har yau jihohi takwas suna turo 'yan kokawarsu, gasar tana zagayawa daga wannan jiha zuwa waccan, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Abin da ya burge ni shi ne ba a raba kokawar da makaɗanta da masu kirarinta ba, kuma zaɓen 'yan wasa daga ƙasa yake farawa, saboda haka yaron da ke kokawa a ƙauye bayan girbi ya san akwai inda hanyar take kaiwa. Mu a nan, idan an ce za a raya al'ada, sai a ɗebi 'yan koroso a mota a kai su babban ɗakin taro su yi rawar minti goma a gaban manyan baƙi, a tafa, a watse. 'Yan koroso gwanaye ne, ba na raina su, amma mutanen ƙauyen da rawar ta fito daga cikinsu ba sa cikin ɗakin.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin irin wannan taro ba. A garuruwan da Allah Ya sa suke zaune lafiya, hakimi da dagatai da limamai su zauna da shugabannin samari su tsayar da kwana biyu bayan an gama girbin dawa, a yi wasan da rana tsakanin la'asar da magariba idan dare ne abin tsoro, a ware wurin zaman mata, a hana ƙwaya shiga fili. Makarantun sakandare da suke da ƙungiyoyin Hausa su kai ɗalibansu wurin tsofaffin da suka yi kalankuwa da ƙuruciyarsu, su ji yadda ake naɗa sarki da yadda ake shigar da ƙara, tun waɗannan tsofaffi suna raye.

Kafin in baro gida na je gaida tsohon makaɗin garinmu, wanda yanzu idanunsa sun yi rauni. Kalangunsa yana rataye a bango, fatar ta bushe ta tsage. Na tambaye shi ko cikin jikokinsa akwai wanda ya koya, sai ya ce akwai ɗaya mai hannu, amma yana Kano yana tuƙa adaidaita sahu. Na karɓi lambar yaron, kuma na yi wa tsohon alkawarin zan sayi fatar da za a sake rufe kalangun da ita kafin a gama girbin dawa.