Tabarau ɗin VR a ɗakin haihuwa: inda yake amfani da inda ba ya yi

Masu tallar tabarau ɗin VR, wanda ke rufe ido ya jefa mutum cikin duniyar da kwamfuta ta zana, suna nuna kamar zai maye gurbin allurar kashe zafin naƙuda. Wannan cika baki ne. Yana rage zafi, amma kaɗan, kuma ba a kowane mataki ba.

Aikinsa ɗauke hankali ne. Idan ido da kunne suka cika da wani abu, kason hankalin da ke komawa kan ciwo yana raguwa. Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington sun fara gwada haka kan masu ƙuna lokacin wankin ciwo. A Jami'ar Michigan, binciken 2019 ya gwada mata 27 na minti 10 suna naƙuda, zafi da fargaba suka ragu. A asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles, cikin mata 40, waɗanda suka saka sun samu sauƙin kusan rabin maki a ma'aunin zafi na 0 zuwa 10, sauran kuwa nasu ya ƙaru da kusan haka. Sauƙi ne, amma bai kama ƙafar allurar kashe zafi da ake yi a baya (epidural) ba.

Lokacinsa farkon naƙuda ne, kafin ciwo ya riƙa zuwa kusa da kusa. Mace ta gwada shi tun a awo, kada ranar haihuwa ta zama ranar koyo. Ta zauna ko ta kishingiɗa, ban da tafiya da shi. Minti 10 zuwa 20 sun isa, sai a cire ta sha iska. A zaɓi hoto mai natsuwa kamar bakin teku, da muryar da ke jan numfashi a hankali. Hoto mai gudu shi ne matsala: ido na cewa ana tafiya, cikin kunne na cewa ana zaune, sai jiri da tashin zuciya. Ga naƙuda kanta tana kawo amai, balle an yi allurar rage zafi ta pethidine ko pentazocine.

Mai farfaɗiya kada ta saka. Haka mai hawan jinin ciki, domin gani dishi-dishi da walƙiya a ido suna cikin alamun jijjiga, tabarau kuwa zai ɓoye su. Da an kai lokacin yunƙuri a cire shi, tana buƙatar ganin ungozoma da jin umarninta. Sai dai yana iya dawowa wajen ɗinkin ƙari, tare da allurar kashe wurin, ba a madadinta ba.

Soso mai taɓa fuska yana shan gumi, don haka a rufe shi da roba mai gogewa, a tsaftace bayan kowace mace. A sauke bidiyo tun da wuri, batir kuma bai cika wuce awa biyu ba.

Abin da ya fi damuna ya shafe mu kai tsaye. Macen da aka tarbiyyantar kan kunya da dauriya, musamman mai haihuwar fari, ba ta cika yin kuka ba, fuskarta ungozoma ke karantawa. Tabarau ya rufe rabin fuskar nan. Saboda haka a bar mata kunne ɗaya a buɗe, wani ya zauna kusa da ita, a riƙa tambayarta da baki, a ci gaba da sauraron bugun zuciyar jariri duk minti 15 zuwa 30 idan naƙuda ta kankama.